DARASI: IN MOTA TANA MUTUWA BISA HANYA, INA ZA A DUBA?



Darasinmu na wannan karo a kan mota ne. Wani zai ce: ni manomi ne, ba ni da mota, mi ya haɗa ni da wannan magana? To, ku duba da kyau. Motar da ke kai gero da wake da albasa kasuwa, tamu ce mu duka. Ita ce ke ɗaukar mace mai naƙuda zuwa likita da tsakar dare. In ta mutu cikin daji, kasuwa ta watse ba mu iso ba, marar lafiya kuma ya wahala. Mai mota shi ma shina asara. Sau da yawa shina sayen kayan gyara masu tsada, alhali ciwon yana wani wuri dabam.

Saboda haka wannan darasi na direba ne, da yaron mota, da mai mota, da ƴan ƙungiyar da sunka haɗa kuɗɗi sunka sayi mota. A karanta shi sannu sannu. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

1. ABIN DA INJI KE BUKATA

Injin isansi shina bukatar abu uku don shi yi aiki: mai, da iska, da wuta.

Mai shina fitowa daga tanki. Pompi ke turo shi, filtir ke tace shi. Iska tana shiga ta wani filtir nata. Mai da iska suna gauraya, su shiga silinda, piston shi matse su. Sa'an nan buji shi ba da tartsatsin wuta, su kama. Ƙarfin wannan kamawa shi ke juya inji.

Gaurayar tana da ma'auni. Kilo 1 na isansi shina son wajen kilo 14,7 na iska. In mai ya yi yawa, inji shi shaƙe, shi yi baƙin hayaƙi. In iska ta yi yawa, inji shi rasa ƙarfi. Kamar fura ce: ruwa ya yi yawa ta tsinke, ya yi kaɗan ba ta shawuwa.

Ku riƙe wannan: in inji ya mutu, galibi ɗaya daga cikin ukun nan ne ya yanke, ko kuwa ya zo ba kan lokacinshi ba. Aikinmu shi ne mu gano wanne ne.

Injin gazuwal ba shi da buji mai tartsatsi. Matsi ne ke kunna mai a cikinshi. Abin da ya fi kashe shi bisa hanya shi ne filtir da ya toshe, ko iska da ta shiga tiyon mai. Darasinmu na yau ya fi ƙarfi a kan injin isansi.

2. TSOFAFFIN MOTOCI IRI UKU NE

Iri na fari: masu karbirato. Misalinsu Peugeot 404 da ta fito a 1960, da Peugeot 504 da ta fito a 1968. An fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma da yawa sun yi aiki bisa hanyoyinmu. Mafi yawansu ba su da kwamfuta. Ido da kunne da hannu ne kayan binciken su.

Iri na biyu: masu fesa mai da kwamfuta ƙarama, waɗanda anka ƙera tun daga shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990. Waɗannan suna faɗin ciwonsu da ƙyaftawar fitila.

Iri na uku: masu soket mai rami 16. A Amurka doka ta tilasta shi ga motocin 1996 zuwa gaba. A Turai an tilasta shi ga motocin isansi daga 2001, ga na gazuwal daga 2004. Motocin hannu da yawa da sunka shigo ƙasarmu ta tashoshin ruwa na Kotonu da Lome suna cikin wannan iri. Ana karanta ciwonsu da wata na'ura wadda makanikai ke ce ma balis.

Kowane direba shi san irin motar da ke hannunshi, da shekarar ƙirarta. An rubuta shekarar cikin takardun mota.

3. RAI YA FI MOTA

In inji ya mutu mota tana gudu, kada ka firgita. Sitiyari zai yi nauyi a motar da ke da mai taimaka mashi, amma shina juyawa. Birki zai kama sau ɗaya ko sau biyu kamar kullum, daga nan shi yi tauri. Saboda haka kada ka yi ta dannawa kana saki. Danna sau ɗaya, ka riƙe. Kada ka zare makulli, don sitiyari na iya kullewa.

Sauka gefen hanya. Kunna fitilun haɗari. Sa alama gaba da baya, nesa da mota, musamman bisa babbar hanya irin ta Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, inda manyan kamiyo ke gudu. Fasinja su fita, su tsaya nesa da kwalta. In kun sa rassan itace, ku kwashe su in za ku tashi.

Abu huɗu ba a yin su:
- Ba a buɗe murfin radiyato da zafi. Tafasasshen ruwa zai ƙona fuska.
- Ba a shan taba kusa da isansi.
- Ba a zuƙo isansi da baki. In ya shiga huhu shina kisa.
- Ba a barin inji shina aiki cikin rufaffen ɗaki. Hayaƙinshi guba ne.

4. TAMBAYA KAFIN A ƊAUKI SIFANA

Malamin likita ba ya yin allura sai ya tambayi marar lafiya. Haka makanike na ƙwarai. Ga tambayoyin:

Yaya ta mutu? In ta yi ta shaƙewa, tana ja tana saki, kafin ta mutu, a fara zargin mai. In ta mutu farat ɗaya kamar an kashe makulli, a fara zargin wuta.

Yaushe take mutuwa? In sai an tsaya, ko an ɗaga ƙafa daga feda, ciwon yana wajen ralanti, wato aikin inji shi kaɗai ba a taka shi ba. In sai ana hawan tudu da kaya, mai ne ba ya isa. In sai an shiga gargada ko rami, wata waya ce ta saki. In sai inji ya yi zafi, kuma ta tashi bayan ta huce, a zargi bobin, ko pompi, ko wani kaptar. Kaptar shi ne ɗan abin da ke auna wani aiki na inji, shi kai labari ga kwamfuta.

Mi anka yi mata kwanan nan? An sha mai a sabon wuri? An wanke inji? An ratsa ruwa? An yi wani gyara? Sau da yawa ciwo shina nan inda hannu ya taɓa na ƙarshe.

Wace fitila ta kama kafin ta mutu? In inji ya mutu, fitilun tabulo duka suna kamawa, wannan ba komi ba ne. Amma in jar fitilar baƙin mai ta kama tun ana tafiya, ko allurar zafi ta kai ja, kada a sake tada inji. A duba baƙin mai da ruwa tukuna. In ba haka ba, inji duka zai lalace.

5. DUBAWA BI DA BI

A fara da mai sauƙi, wanda ba a biyan ko dala.

Na ɗaya, tanki. Akwai mai? Allurar tsohuwar mota tana ƙarya. Kada ka ji kunyar dubawa.

Na biyu, batir. Girgiza kawunan batir da hannu. In suna motsi, a ɗaure. In sun yi farin gari, a kankare. Batir mai lafiya shina nuna bolt 12,6 in inji na kashe. In inji shina aiki, shi nuna tsakanin 13,5 da 14,5. In bai kai ba, alternato ba ya cika batir, kuma mota za ta mutu sa'ad da batir ya ƙare. A duba kuma wayar da ta haɗa batir da jikin mota, da wadda ta haɗa inji da jikin mota.

Na uku, fizibil. Ciro su ɗaya ɗaya, ka duba ga haske. Wanda ya ƙone a sa irinshi, mai lamba ɗaya. Kada a naɗa waya a madadinshi. Haka motoci ke kama wuta.

Na huɗu, iska. Buɗe filtir na iska. Ƙurar hunturu da rairayin hanyoyinmu suna toshe shi da wuri. Bi ƙananan tiyo na roba da ke jikin inji. Zafin rana shina busar da su, su tsage. Tiyo mai tsaga shina yin tsaki in inji na aiki. Kasa kunne za ka ji.

Na biyar, mai. A mota mai fesa mai, murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba. Wani shi sa kunne kusa da tanki. A motoci da yawa zai ji pompi ya yi ƙugi kamar na daƙiƙa 2. In shiru, a duba fizibil da rele na pompi kafin a ce pompi ya mutu. In ana zargin mai, a zuba kaɗan cikin kwalba mai tsabta, a aje. Ruwa ya fi isansi nauyi, zai kwanta ƙasa, kowa shi gani. Man da ake saidawa cikin kwalabe da jarka bakin hanya wani lokaci shina ɗauke da ruwa ko ƙasa.

A mota mai karbirato, lokacin bazara da zafi ke wuce digiri 40, isansi na iya zama tururi cikin tiyo, pompi shi kasa turo shi. A buɗe kapo, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma bisa pompi, a dakata. In ta tashi, an gano ciwon.

Na shida, wuta. Cire wayar buji ɗaya, sa mata wani buji, ɗora shi bisa ƙarfen inji nesa da isansi. Kada ka riƙe da hannu. Wani shi tada inji. Tartsatsi mai ƙarfi, shuɗi, alamar lafiya ce. In babu tartsatsi, ciwon yana wajen bobin, ko delko, ko kaptar. A tsofaffin motoci a buɗe murfin delko, a duba tsaga ko laima. Bakin platin shina buɗewa wajen milimita 0,4. In ya ƙone ko ya rufe, babu wuta.

Gargaɗi: in ka murɗa makulli ka ji inji shina juyawa da sauri fiye da kullum, ba nauyi, ka bari. Mai yiwuwa bel ɗin cikin inji ne ya tsinke. Ci gaba da tadawa na iya ƙara ɓarna.

6. FITILA MAI MAGANA

Bisa tabulo akwai fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji. In an murɗa makulli tana kamawa, in inji ya tashi ta mutu. In ba ta kamawa ko kaɗan, ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi don shi ɓoye ciwo. Mai sayen motar hannu shi lura da wannan.

In ta kama ana tafiya, kwamfuta ta ga wani abu ba daidai ba, ta rubuta lamba ta aje. In tana ƙyaftawa ana tafiya, wani silinda ne ba ya ƙona mai. A rage gudu, a nemi gareji.

Babban kuskure: cire kan batir don fitila ta mutu. A motoci da yawa wannan shina shafe lambar. Fitila ta mutu, ciwo na nan, shaida kuma ta ɓace. A karanta lamba tukuna, a rubuta ta.

7. KARATUN LAMBA A TSOHUWAR TOYOTA

Ga misalin iri na biyu. A Toyota da yawa na kafin 1996, akwai ɗan akwati kusa da inji, an rubuta DIAGNOSIS bisa murfinshi. Cikin murfin an zana sunan kowane rami.

- Kashe makulli.
- Haɗa ramin TE1 da ramin E1 da guntuwar waya. Duba da kyau, kada ka haɗa wasu ramu dabam.
- Murɗa makulli, amma kada ka tada inji.
- Ƙirga ƙyaftawar fitila.

In tana ƙyaftawa da sauri ba tsayawa, babu lamba a aje. In akwai lamba, za ta ƙyafta, ta ɗan tsaya, ta sake ƙyaftawa. Sau 1, tsayawa, sau 2: lamba 12 ke nan. Sau 2, tsayawa, sau 2: lamba 22. In lambobi sun fi ɗaya, tana yin tsayawa mai ɗan tsawo tsakaninsu. In ta gama, ta koma daga farko.

Ga ma'anar wasu:
12: labarin juyawar inji ba ya isa ga kwamfuta.
14: labarin wutar buji ba ya isa.
21: kaptar na bututun hayaƙi.
22: kaptar na zafin ruwa.
41: kaptar na maƙogwaron iska, mai nuna yadda anka taka feda.

Waɗannan lambobi na Toyota ne kawai. Kowane kamfani a zamanin nan shina da nashi tsari. Kada a ɗauki lambar Toyota a fassara ta ga wata mota.

8. LAMBOBIN BALIS

A iri na uku, soket mai rami 16 shina cikin mota, galibi ƙarƙashin tabulo, wajen direba. Makanike shi jona balis, lamba ta fito. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ke aiko lambar cikin salula.

Lambar tana da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Harafin P na inji ne da akwatin giya. B na jikin mota ne. C na ƙafafu ne, kamar birki. U na wayoyin da kwamfutoci ke magana da juna ne. In 0 ya biyo bayan P, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, ma'anar ta kamfanin da ya ƙera motar ce.

Ga waɗanda sunka shafi mutuwar inji:
P0101: kaptar mai auna iskar da ke shiga.
P0115: kaptar na zafin ruwa.
P0171: iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan.
P0172: mai ya yi yawa.
P0230: wayoyin pompin mai.
P0300: silinda dabam dabam ba su ƙona mai daidai.
P0301: silinda na 1 ne. P0302 na 2 ne, haka har gaba.
P0335: kaptar mai ƙirga juyawar inji.
P0340: kaptar na sandar da ke buɗe bawul.
P0505: tsarin ralanti.

9. LAMBA TANA NUNA UNGUWA, BA TA NUNA GIDA

Wannan shi ne zuciyar darasinmu. Lamba ba ta cewa: sayi sabon abu. Tana cewa: duba wajen nan. P0171 na iya zama tsagaggen tiyo, ko filtir na mai da ya toshe, ko pompi da ya gaji, ko kaptar na iska da ƙura ta rufe. Abu huɗu, lamba ɗaya.

Mu ɗauki misali. Ga mota mai jigila tsakanin Maraɗi da Tasawa. Da safe tana tashi lafiya. In an yi nisa, inji ya yi zafi, sai ta mutu farat ɗaya. A jira rabin awa, ta tashi. Mai mota ya sayi buji sababbi, ba ta daina ba. Ya sayi pompi, ba ta daina ba. Jikkuna sun tafi, fasinja sun koma wata mota.

Sai yaron motar, wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci, ya ce: "Maigida, mu kai ta a sa mata balis, ni in rubuta abin da ya fito." Anka jona, P0335 ta fito. Mai mota ya ce a sayo kaptar. Makanike ya ce: "Alhaji, dakata mu ga wayarshi tukuna." Ya bi waya da hannu. Sai ga wurin da ta goga jikin inji, robarta ta cinye. Ya gyara waya, ya ɗaure ta nesa da zafi. Sa'an nan ya shafe lamba, sunka yi tafiya mai nisa har inji ya yi zafi. Ba ta mutu ba, lamba ba ta komo ba.

Mu bi hankalin abin. Mutuwa farat ɗaya ta nuna wuta, ba mai ba. Da an yi tambayoyin kashi na 4, da ba a sayi pompi ba. Lamba ta nuna unguwa. Hannun makanike ya gano gida. Da waya lafiya take, sai a auna kaptar ɗin kanshi, don shi ma zafi na kashe shi in ya tsufa. Gwajin hanya kuma shi ya tabbatar da gyara.

Ku sani kuma, akwai ciwon da ba ya ba da lamba. Ruwa cikin mai, ko kan batir da ya saki, ko pompi mai rauni, suna iya kashe mota balis ba ta nuna komi ba. Na'ura ba ta maye gurbin ido da kunne.

10. RIGAKAFI YA FI MAGANI

- Kakkaɓe filtir na iska a kai a kai, musamman da hunturu. In ya yage ko ya toshe, a sake shi.
- Sake filtir na mai kan lokaci.
- In dole ta sa ka sha man jarka, tace shi da tsumma mai tsabta.
- Kada ka saba tafiya da tanki kusan wofi. Pompin da ke cikin tanki, isansi ne ke sanyaya shi.
- Kada a watsa ruwa bisa delko da wayoyi in ana wankin inji.
- Riƙe fizibil, da buji, da filtir na mai, da guntuwar waya cikin mota.
- In an sake wani abu a gareji, karɓi tsohon.
- Sayi ɗan littafi. Rubuta rana, da kilomita, da yadda mota ta yi, da lambar da ta fito, da abin da anka gyara, da kuɗɗin da anka biya. In motar ƙungiya ce, a karanta littafin gaban taro.

Ƴan'uwa, kun ga amfanin karatu. Wanda ya iya harafi da alƙaluma ba a cewa da shi "inji ya lalace" shi buɗe aljihu kawai. Zai tambaya: wace lamba ta fito? Mi kunka auna? Makanike na gaskiya ba ya fushi da wannan tambaya.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Waɗanne abu uku ne injin isansi ke bukata?
2. Mota ta mutu tana gudu. Yaya za a taka birki?
3. Batir shina nuna bolt 12,1 inji na aiki. Mi za a zarga?
4. Fitilar tsohuwar Toyota ta ƙyafta sau 4, ta tsaya, ta ƙyafta sau 1. Wace lamba ce? Mi take nufi?
5. Mi P0303 ke nufi?
6. Dommi ba a cire kan batir kafin a karanta lamba?

Ku rubuta amsoshi cikin littafinku, ku nuna ma malaminku. Wanda ke da direba a garinsu shi kai mashi wannan jarida, su karanta tare.

Allah shi kiyaye hanya, shi kai kowa gida lafiya. Amin.